Shahara da Dacewa: Wa Za Ta Ɗauki Kyallu, Wa Za Ta Ɗauki Halima?

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka ɗauko wani tsohon wasan kwaikwayo da ya yi suna domin a sake aiwatar da shi a kan dandamali, babu abin da ya kai rabon gurabe tayar da ƙura, musamman gurbin macen da wasan ya ɗoru a kanta. Yawancin mutane amsarsu a baki take, wato a nemo wadda ta fi shahara, domin ita ce za ta cika fili da 'yan kallo, kuma ita ce ba za ta ba da kunya ba. Haka masu shirya wasa a manyan birane suke tunani. Haka kuma malamin Hausa a makarantar sakandare ta Isa ko Sabon Birni yake tunani idan ranar rabon kyaututtuka ta matso, sai ya aika a kira masa yarinyar da ta burge kowa a wasan bara, ya miƙa mata babban gurbi tun kafin ya sake buɗe littafin.

Ra'ayin da wannan maƙala take karewa shi ne cewa shahara wata riga ce da 'yan kallo suke fara gani kafin su ga 'yar wasa, kuma akwai gurbin da rigar take yi wa daidai, akwai wanda take shaƙewa. Domin tabbatar da haka, za a auna batun da gurabe biyu da kowane ɗalibin Hausa ya sani, wato Kyallu ta cikin Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Halima ta cikin Uwar Gulma na Muhammad Sada. Fitacciyar 'yar wasa ta dace da Kyallu, amma da wuya ta dace da Halima, kuma dalilan haka suna cikin ginin wasannin kansu.

2.0 Abin da Kowane Gurbi Yake Nema

Rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa yana da tsohuwar dangantaka da makaranta, kuma ƙasar Sakkwato tana cikin waɗanda suka fara ba da gudummawa. Wasan Marafa na Abubakar Tunau ya fito a 1949, Malam Inkuntum na M. A. Dogondaji ya biyo baya a 1954. Sai dai manyan guraben mata, irin waɗanda wasa yake tsayawa ko ya faɗi a kansu, sun fi bayyana ne a wasannin da suka zo daga baya, waɗanda suka shiga cikin gida suka duba zaman aure.

2.1 Kyallu

An buga Jatau Na Kyallu a 1960, shekara ɗaya bayan Zamanin Nan Namu na marubucin. Labari ne na Malam Jatau, wani mai abin hannu, wanda ya auri karuwa mai suna Kyallu duk da gargaɗin da aka yi masa, daga nan zaman gidansa ya watse, dukiyarsa ta lalace. Wani abin lura shi ne, wasannin Maƙarfi sun bi ta gidan rediyo a Kaduna kafin su zama littafi. Ke nan Kyallu murya ce tun kafin ta zama fuska, kuma makaminta duka yana kan harshenta: kirsa, da kissa, da zaƙin baki a gaban miji, da kaifin baki a bayan idonsa.

Abu na biyu game da Kyallu shi ne, ita kanta 'yar wasan kwaikwayo ce a cikin wasan. Tana da fuskar da take nuna wa Jatau, tana da wadda take nuna wa sauran jama'a, kuma daɗin kallon yana zuwa ne daga yadda mai kallo yake ganin fuskokin biyu alhali Jatau ɗaya kawai yake gani. Marubucin bai ɓoye wa kowa halinta ba, tun da ga masu gargaɗi nan tun farko. Saboda haka gurbin yana neman mace wadda ido yake bi duk inda ta juya, wadda za ta sa mai kallo ya fahimci dalilin da ya sa dattijo mai hankali ya toshe kunnensa. Idan Kyallu ba ta da wannan maganaɗisu, Jatau ya tashi daga mutumin da son zuciya ya ruɗa ya koma wawa kurum, kuma darasin wasan ya zube.

2.2 Halima

Uwar Gulma ya fito a 1968. Halima matar Hayatu ce, miji mai yawon dare da shaye-shaye da saurin hannu. Ta sha wulaƙanci, ta kai kuka gidan iyayenta, daga ƙarshe magana ta kai gaban alƙali. Ƙarfin wasan yana ga yadda mai kallo yake ganin ƙofofin da ya kamata su buɗe mata suna ba ta wahala ɗaya bayan ɗaya, daga ɗakin miji zuwa zauren uba zuwa gaban shari'a.

Halima ba kurma ba ce, tana magana, tana kuma kare kanta gwargwadon iko. Amma ba ta da wani abin da ya bambanta ta da dubban matan da ke cikin gidajen ƙasar Hausa, kuma wannan rashin bambancin shi ne jarin wasan. Ana so matar da ke zaune a cikin 'yan kallo ta ga ƙanwarta ko maƙwabciyarta, dattijon da ke kan kujerar gaba ya ga ɗiyarsa da ya taɓa mayarwa ɗaki ba tare da ya saurare ta ba. Gurbin yana neman wadda za ta ɓace a cikinsa har a manta da sunanta na yanka.

3.0 Shahara a Idon Mai Kallo

Bahaushe mai kallo yana da wata ɗabi'a da duk mai rabon gurabe ya kamata ya yi la'akari da ita, wato yakan ɗaure ɗan wasa da gurbin da ya fara saninsa a ciki. Mutane ƙalilan ne za su gane Usman Baba Pategi idan ba a ce Samanja ba, ko Abdullahi Shu'aibu idan ba a ce Karkuzu ba, ko Rabilu Musa idan ba a ce Ibro ba. A ɓangaren mata ma haka abin yake, domin marigayiya Hauwa Ali Dodo, wadda ta rasu a 2010, da sunan Biba aka fi saninta. Masana'antar finafinan Hausa kanta daga ƙungiyoyin wasan dandamali ta tsiro, tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ce ta fitar da Turmin Danya a 1990, kuma 'yan kallo sun taho da wannan ɗabi'a daga dandamali da talabijin zuwa faifan bidiyo. Suna linzami ne, in ji masu iya magana, kuma a nan linzamin yana jan mai kallo kamar yadda yake jan mai sunan.

Misalin marigayiya Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso, ya isa a gwada wannan batu. Ta fara fitowa a fim a 2000, ta rasu a Kano a watan Afrilu na 2024, kuma a tsakanin waɗannan shekaru ta yi suna wajen fitowa a matsayin mace mai zafi, mai makirci, wadda ba a taka ta ta ƙyale. Babu mai jayayya game da gwanintarta. To, da a ce an ɗora mai irin wannan suna a gurbin Kyallu, da shigowarta dandamali 'yan kallo za su gyara zama, su ce yau Jatau ya shiga uku. Wannan sanin da suka zo da shi daga gida bai rage wa wasan kome ba, domin abin da marubucin yake so ke nan, kowa ya gani sai Jatau. Shaharar ta yi wa marubuci rabin aikinsa.

Amma da a ce gurbin Halima aka ba ta, da Hayatu ya ɗaga hannu 'yan kallo za su fara murmushi, suna jiran lokacin da za ta rama. Idan ta yi kuka, za su ɗauka wata dabara ce take ƙullawa. Idan ta durƙusa a gaban mahaifinta tana roƙo, wani daga baya zai yi shewa ya kira sunan da aka san ta da shi, fili ya ɗauki dariya. Ba laifin 'yar wasan ba ne, kuma ba gazawarta ba ce. Tausayi abu ne mai rauni, ba ya jure tunanin cewa wadda ake kallo ta fi ƙarfin abin da ake yi mata. Ko da shaharar ta wajen kyau ce ko ta iya soyayya, matsalar tana nan, domin mai kallo zai riƙa ganin tauraruwa ta sa tsummoki, yana yaba yadda ta iya talauci, maimakon ya ji zafin talaucin.

4.0 Hujjar Masu Cewa Gwana Ba Ta da Iyaka

Akwai masu ganin cewa wannan ra'ayi ya ƙuntata wa 'yan wasa, kuma hujjarsu tana da nauyi. Suna cewa ma'anar gwaninta ita ce iya zama abin da ba kai ba, saboda haka duk wadda ba ta iya fita daga rigar da aka san ta da ita ba, ba ta cika gwana ba tun farko. Tarihin dandamalin Turai yana ba su misalai. A 1899 Sarah Bernhardt, wadda ta fi kowace 'yar wasa suna a Faransa a zamaninta, ta fito a matsayin Hamlet, saurayi ɗan sarki a wasan Shakespeare, tana da shekara 54. A 1987 Judi Dench ta ɗauki gurbin Cleopatra, sarauniyar Masar, a babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Landan, tana da shekara 52, alhali ita da kanta ta yi shakkar ko siffarta da shekarunta sun dace, sai ga shi ta sami lambar yabo a kan wannan fitowa. A 2016 kuma Glenda Jackson, bayan ta shafe shekara 23 a majalisar dokokin Birtaniya, ta koma dandamali tana da shekara 80 ta fito a matsayin Sarki Lear.

Waɗannan misalai sun tabbatar da abu guda wanda ya kamata malami ya riƙe, wato shekaru da siffa, har ma da jinsi, ba su ne ke yanke hukunci a kan dandamali ba. Kyamara tana matsowa ta ƙirga tamoji, amma dandamali yana da nisa, murya da motsi ne suke isa ga na baya. A zamanin Shakespeare ma yara maza ne suke fitowa a guraben mata, sai a 1660 mata suka fara hawa dandamali a Ingila. Wanda ya karanta Daren Sha Biyu, fassarar da Ibrahim Yaro Yahaya ya yi wa ɗaya daga cikin wasannin Shakespeare a 1971, zai ga yadda wasan ya ginu a kan mace mai shigar maza.

Sai dai idan aka sake duban misalan za a ga ba su rushe ra'ayin wannan maƙala ba. Hamlet ɗan sarki ne, Lear sarki ne, Cleopatra sarauniya ce da ta saba duniya ta zuba mata ido. Duk gurabe ne na mutanen da suka fi kowa a inda suke, irin waɗanda kwarjinin tauraruwa yake ƙara wa armashi. Dangin Kyallu ne ta fuskar abin da suke nema, ko da yake sun sha bamban da ita a daraja. Bugu da ƙari, ko Bernhardt ba ta tsira ba, domin masu sharhi sun rabu a kanta, wasunsu suna ganin Bernhardt suka kalla a daren, Hamlet kuwa bai zo ba. Sannan waɗannan mata sun yi aiki ne da ƙwararrun masu ba da umarni, suka yi makonni suna gwaji dare da rana domin su kankare tsohuwar rigarsu. Fitacciya tana iya ɗaukar Halima idan ta sami irin wannan lokaci da irin wannan horo, kuma ta yarda ta ajiye duk dabarun da suka jawo mata tafi. Wannan sharaɗi ne mai tsada, kuma ba kasafai ƙungiyar wasa ko makaranta take iya biyansa ba.

5.0 Matsalar Harshe

Bayan abin da mai kallo ya sani game da 'yar wasa, sai abin da kunnensa yake ji. Misalai biyu na manyan matan tarihin ƙasar Hausa sun nuna girman wannan batu, ko da yake a fim suka faru. A 1986 Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya, ya fitar da fim a kan Sarauniya Mangu ta Lugu a yankin Dogon Dutsi, wadda ta yi tsayin daka a gaban ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine a 1899, ayarin da ya wuce ya yi wa Birnin Ƙonni mummunar ɓarna. An ɗauko labarin daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980, aka ɗauki fim ɗin a Burkina Faso, kuma Aï Keïta, 'yar wannan ƙasa wadda ba ta yi wani suna ba a lokacin, ita ta fito a matsayin Sarauniya. Ta yi kwarjini ƙwarai, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1987. Duk da haka, Sarauniyar ba da Hausa take magana ba, saboda haka Ba'are ko Bagobirin da ya kalla zai ga jaruma, amma ba zai ji kakarsa ba. A 2021 kuma fim ɗin Amina na Izu Ojukwu ya fito a Netflix, Lucy Ameh tana matsayin Sarauniyar Zazzau, yawancin maganar da Ingilishi. Fim ɗin ya sami lambobin yabo, amma masu kallo da yawa a Arewa sun koka game da harshe da sutura da kuma rashin ba Bahaushiya gurbin.

Darasin da ke nan shi ne, kwarjini yana iya tsallake iyakar ƙasa, amma kusanci da harshe yake tafiya. Gurbin sarauniya yana iya rayuwa da kwarjini kaɗai. Gurbin Halima, wanda kusanci ne jarinsa, ba zai rayu ba idan kunne ya ji baƙunta.

Wannan ya shafi malamin da ke aiki a ƙasar Gobir kai tsaye. An rubuta wasannin nan biyu da Hausar littafi, wadda ta fi kusa da karin harshen gabas. Yarinyar Isa ko Sabon Birni kuwa da Hausar yamma ta tashi, inda ake cewa shina maimakon yana, da munka da sunka maimakon muka da suka, da ɗiya maimakon 'ya, da biyat maimakon biyar, da rigas sarki maimakon rigar sarki. Sau da yawa yarinyar da ake kira gwanar makaranta ita ce wadda ta iya kwaikwayon Kanancin finafinai, har da yangar muryar 'yan fim. Wannan baiwa tana da amfani a gurbin Kyallu, macen bariki wadda ta zaga gari, wadda baƙon lafazi a bakinta yake ƙara nuna cewa daga waje ta shigo gidan. Amma Halimar da ta yi kuka da aron Kananci a gaban iyayen Gobir, kukanta na fim ne. Wadda ta faɗi kalmomin marubuci da lafazin gidansu, ko da bakinta ya zame zuwa hw a inda littafi ya rubuta f, ita ce za ta sa fili ya yi tsit. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Duk mai ganin karin harshen yankin bai isa ɗaukar babban adabi ba, ya tuna cewa da shi Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙoƙin da har yau ake nazarinsu a jami'o'i. Abin da malami zai kiyaye kawai shi ne kada a sauya kalmomin marubuci, kuma 'yan gida ɗaya a cikin wasa su yi magana da kari ɗaya, kada uba ya zama Bagobiri ɗiyarsa Bakana.

6.0 Ma'aunin Gargajiya

Tun kafin zuwan boko Hausawa suna da hanyarsu ta rabon gurabe, kuma ba ta dogara da suna ba. A wasan gauta, wanda matan gidan sarauta suke yi, wata takan fito a matsayin sarki, wasu a matsayin hakimai da fadawa, suna kwaikwayon tafiyarsu da maganarsu da halayensu a gaban masu abin. Wadda za ta zama Waziri ita ce wadda ta lura da yadda Waziri yake gyara rawani da yadda yake jan magana, ko da ita ce ƙarama a gidan. A wasan kalankuwa na bayan kaka samari da 'yan mata sukan raba wa junansu muƙamai bisa abin da kowa zai iya riƙewa. A tashen watan azumi kuma, cikin wasan Mairama da Daudu, yarinya ce take yin shigar miji, kuma ƙawayenta sun san wadda a cikinsu ta iya ɗaure fuska irin ta maigida. A duk waɗannan, lura da iya kwaikwayo su ne ma'auni.

Mutanen Gobir suna da wani ƙarin abin da ya kaifafa idonsu game da mace mai iko. Sarautar Inna, wadda take jagorantar mata a masarauta, tsohuwa ce tun zamanin Alƙalawa, birnin da ya faɗi a 1808 wanda kufansa yake a yankin Sabon Birni, kuma Gobirawa sun tafi da ita Tsibiri kusa da Maraɗi. Jama'ar da suka gaji irin wannan sarauta sun san cewa iko a hannun mace ba da ihu ake gane shi ba. Saboda haka ko a gurbin Kyallu, gwanar da ta ɗauka cewa ɗaga murya da murguɗa baki su ne wasa, za ta sami dariyar yara amma ba za ta gamsar da manya ba. Kyallu mai haɗari ita ce mai taushin murya.

7.0 Nauyin da Ke Kan Malami

Zuwa nan maganar fasaha ake yi, amma a makaranta akwai abin da ya fi fasaha nauyi, wato mutuncin yarinya da ɗorewar karatunta. Ɗabi'ar nan ta ɗaure ɗan wasa da gurbinsa ba ta tsaya ga 'yan fim ba. A ƙaramin gari inda kowa ya san gidan kowa, yarinyar da ta fito sau ɗaya tak a rayuwarta, kuma a matsayin karuwa, tana iya wayar gari ana kiranta Kyallu a bakin rijiya da hanyar Islamiyya, sunan ya bi ta har lokacin da za a zo neman aurenta. A ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni, inda hare-haren 'yan bindiga tun daga wajen 2019 suka ƙara wa iyaye fargabar tura 'ya'ya makaranta, uban da ya daure ya bar ɗiyarsa ta kai sakandare ba ya bukatar wani babban dalili kafin ya ce ta zauna gida. Wasan awa ɗaya yana iya jawo asarar karatun shekara shida.

A nan ne fasaha da hikima suka haɗu a kan amsa ɗaya. Yarinyar da aka riga aka sani da wasa, wadda aka gani bara a matsayin uwa, bara waccan a matsayin malamar asibiti, tana da garkuwa, domin gari ya san cewa wasa take yi, kuma suna ɗaya ba zai manne mata ba. Ita ce ta fi dacewa da Kyallu ta fuskar gwaninta, ita ce kuma ta fi iya ɗaukar nauyin gurbin ba tare da ya cutar da ita ba. Yarinyar da ba a sani ba kuwa, mai natsuwa, wadda take zaune a tsakiyar aji ba ta cika ɗaga hannu ba, Halima ba za ta jawo mata abin gori ba, kuma sabuwar fuskarta ita ce abin da gurbin yake nema. Malamin da ya juya wannan rabo, ya ba gwana Halima domin ita ce babbar jaruma abar tausayi, ya tura Kyallu ga wadda ba ta da bakin ƙi, ya yi hasara biyu a lokaci ɗaya.

Saboda haka akwai matakan da ya kamata mai koyon aikin malanta ya saba da su. Da farko ya karanta wasan gaba ɗaya, ya rubuta abin da kowane gurbi yake nema kafin ya tuna da sunan kowace ɗaliba. Na biyu, ya yi gwaji a buɗe, ya ba duk mai sha'awa fitowa ɗaya ta karanta, shi kuma ya koma ƙarshen fili ya saurara, domin wadda muryarta ba ta kai can ba, ba ta kai ko'ina ba. Na uku, ya sa waɗanda suka yi fice su musanya gurabe ko sau ɗaya ne, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Na huɗu, ya nemi yardar iyaye, ya bayyana musu jigon wasan da gurbin da ɗiyarsu za ta riƙe, ta hannun shugaban makaranta ko wata malama da ake girmamawa. Na biyar, idan an kammala wasa, a fito da 'yan wasa duka a gabatar da kowa da sunansa na gaskiya, a yaba wa wadda ta ɗauki mugun gurbi a gaban jama'a, domin a raba ta da shi tun a filin. Sannan a fara shiri da wuri, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce hana gwanar makaranta gurbin da take so zai karya mata gwiwa. Amsar ita ce malami ya fahimtar da ita cewa Kyallu ta fi wuyar yi, domin mutum biyu ce a jiki ɗaya, kuma an ba ta ne saboda babu mai iyawa sai ita. Wannan gaskiya ce, ba lallashi ba ne. Kuma aikin makaranta ya wuce goge tauraruwa ɗaya, ya haɗa da tono waɗanda ba a san suna da baiwa ba.

8.0 Kammalawa

An ga cewa tambayar ko fitacciyar 'yar wasa ta dace da gurbi a tsohon wasa ba ta da amsa ɗaya, sai an tambayi gurbin abin da yake nema. Inda wasa yake bukatar mace mai jan ido, wadda 'yan kallo za su shigo da saninta a ransu, kamar Kyallu, shahara ƙari ce. Inda yake bukatar mace wadda kowa zai ga tasa a cikinta, kamar Halima, shahara kaya ce da sai an sauke kafin a fara aiki, kuma ba kowace gwana take da lokaci ko niyyar saukewa ba. Harshe yana ƙara wa wannan hukunci ƙarfi, haka ma al'adar rabon gurabe ta gargajiya. Malamin da zai tsaya a gaban ɗalibansa a Isa ko Sabon Birni da littafin Maƙarfi ko na Sada a hannu, ya fara da littafin, sa'annan ya dubi fuskokin da ke gabansa, yana sane da cewa yarinyar da ya zaɓa za ta koma gida a cikin garin da ya kalle ta.